Alwatika, dala da karin maganar jinka

Wani mai karatu, ɗalibin koyon aikin gini, ya tambaya ko alwatika da dala abu ɗaya ne, kuma ko karin maganar nan "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" tana da alaƙa da siffar rufin.

Ba abu ɗaya ba ne. Alwatika siffa ce shimfiɗaɗɗiya mai gefe uku da kusurwa uku, wadda za a iya zanawa a kan allo. Dala kuwa tana da jiki da tsayi, kamar dalar gyaɗa da ake yi a Kano a da ko babbar dalar Giza ta Masar, wadda gindinta murabba'i ne amma kowace fuska daga cikin fuskokinta huɗu alwatika ce. Wanda ya kira zanen da ke kan takarda dala ya yi kuskure, ko da an gane nufinsa.

Abin da ya sa magina ke ji da alwatika shi ne taurin kanta. Idan aka haɗa katako huɗu da ƙusa ɗaya a kowace kusurwa, turi kaɗan ya isa ya karkatar da su, alhali babu katakon da ya karye. Idan katakon uku ne, kusurwoyin ba za su motsa ba sai ɗaya ya karye ko ya lanƙwashe, domin tsawon gefuna uku shi ke ƙayyade kusurwoyin. Shi ya sa kafinta ke gitta katako daga kusurwa zuwa kusurwa a jikin ƙyaure, ya raba shi alwatika biyu. Wannan dabara ce ke riƙe da turakun babban layin lantarki, da hasumiyar Eiffel ta birnin Paris da aka kammala a 1889, da gadojin ƙarfe irin wanda James Warren ya yi wa rajista a Ingila a 1848.

Karin maganar kuwa ba ta siffa take yi ba. Akan ɗaure tsaiko a ƙasa, a baibaye shi da shuci, sa'an nan jama'a su kewaye shi su ɗora a kan ɗaki, saboda haka manufarta ita ce babban aiki sai da taimakon juna. Duk da haka idon mai tambaya bai yaudare shi ba: sandunan tsaiko suna jingina da juna a ƙololuwa, kuma tankan da ya zagaye su shi ke hana ƙafafunsu buɗewa idan nauyin ciyawa ya danno, aikin da katakon da ke kwance a gindin alwatika ke yi a rufin kwano.