Gidan sabon lotisma (unguwar da aka yanka filaye) a bayan gari, in saya ko in haƙura?

Salam ɗan uwa, ka ce an nuna maka sabon gida a bayan garin Damagaram kana shawarar saye, to ni shekarata uku a irin unguwar nan. Abu na farko wallahi ruwa, ka san garinmu kan dutse yake, haƙa rijiya ba ta cika yi ba, ruwan pampo daga nesa ake jawo shi irin su Gogo Machaya da Arunguza, to ka je unguwar da kanka lokacin zafi wajen watan Afrilu ka tambayi maƙwabta sau nawa pampo ke kawowa a sati, kar ka tsaya ga maganar dillali. Mu farkon zuwanmu da asuba yarana ke bin 'yan garuwa da bido (jarka), sai da na gina tanki na samu sauƙi.

Takardar gidan kuma kar ka yi wasa, ka kai ta ofishin magajin gari a duba lambar filin, in da hali ka nemi titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, don an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Ka kankare bulon da ƙusa, in yana zuba kamar gari an rage siminti, fenti yana ɓoye abubuwa da yawa. Sannan ka lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwar Dole da makarantar yara kullum, kuma ka ga wurin da damina, namu lungun cikin Agusta ruwa har bakin ƙofa yake kwanciya. Allah ya sa albarka.