Asalin harafin Sinanci 陶 da yadda ake karanta shi

Tambaya: Malam, ina koyon Sinanci, kuma na ga harafin 陶 a kalmar kayan yumɓu, na sake ganinsa a sunan mutane, har wani wuri aka karanta shi da lafazi dabam. Daga ina ya samo asali, kuma wane karatu ne daidai?

Amsa: Malam mai tambaya, duka karatun biyu daidai ne, amma kafin mu zo kansu ya kamata a warware harafin gida biyu, domin a nan ne yawancin ruɗanin yake.

Ɓangaren dama, wato 匋, shi ne tsohon harafin da ke nufin tukwane. A cikinsa akwai 缶, tulun ƙasa, sannan 勹 ya lulluɓe shi daga sama. Xu Shen, wanda ya rubuta ƙamus ɗin Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 miladiyya, ya fassara 匋 da kayan ƙasa gasasshe, ya kuma ɗauki lulluɓin a matsayin alamar sauti kawai. Masana na baya-bayan nan da suka duba rubutun jikin tsofaffin kayan tagulla suna ganin 勹 siffar mutum ce a sunkuye kan abin da yake ginawa, kuma ni wannan bayani ya fi kwanta mini, saboda duk wanda ya taɓa kallon maginin tukwane yana aiki ya san wannan sunkuyon.

Ɓangaren hagu kuwa, 阝, taƙaitaccen 阜 ne, mai nufin tudu. Shi ya sa a wancan ƙamus 陶 ba tukunya yake nufi ba, sunan wani tudu ne mai hawa biyu, Taoqiu, a yankin da a yau ake kira Dingtao a lardin Shandong. Daga baya wannan harafi mai tudu ya gaje ma'anar ɗan'uwansa, har 匋 ya kusa ɓacewa daga rubutun yau da kullum.

A Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, karatun da aka saba shi ne táo, da karin sauti na biyu mai tashi sama, abin da ba zai yi wa Bahaushe wuyar ji ba tunda harshenmu ma yana da karin sauti. Haka ake karanta shi a 陶器, kayan yumɓu, da 陶瓷, wadda ta haɗa tukwane da tangaran, da kuma sunan dangi, kamar na mawaƙi Tao Yuanming da ya rasu a 427. Ma'anar ta faɗaɗa zuwa tarbiyya a kalmar 陶冶, wato gina halin mutum.

Karatu na biyu, yáo, a yau kusan a suna ɗaya za ka gamu da shi: 皋陶, Gao Yao, wanda hikayoyin Sin suka ce shi ne mai kula da shari'a a zamanin Sarki Shun. Wannan lafazi ɗaya ne da na 窯, wurin gasa tukwane.

A Japan ana cewa tō, kamar a tōki, wato kayan yumɓu, ko kuma sue da lafazinsu na gida. A Koriya do, a Biyetnam đào. Idan kana ƙirga layukansa, 10 ne a ƙidayar ƙasar Sin, 11 a Japan, domin su suna lissafa 阝 da layi uku.