Amsoshin Tambayoyinku: Tsarin Littafi ko Dabarar Jagora a Taron Ƙananan 'Yan Sikawut?

Wasiƙun wannan makon duk a kan 'yan sikawut suka zo, wasu daga gida, ɗaya daga ƙetare. Da ta ƙetaren zan fara, domin ita ta fi taɓa min zuciya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A jihar Maryland ta Amurka nake zaune. Ɗana yana aji biyu na firamare, ya shiga ƙananan sikawut. Da aka rasa mai riƙe rukuninsu sai iyaye suka ɗora min. Yara bakwai ne. An nuna min tsarin taro a rubuce daki-daki, amma wani tsohon jagora ya ce in ajiye shi in ƙirƙiri nawa, wai na littafi gundurar yara yake yi. Ni ban taɓa yin sikawut ba, har barci ya fara gagara ta. Wanne zan bi, kuma me zan saya?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki. Wanda damuwar yaran mutane ta hana shi barci, irinsa ake nema a wannan aiki.

Bari in ɗan yi wa masu karatu na gida bayani tukuna. A Amurka tun 1930 ake da ɓangaren ƙananan sikawut. Yara shida zuwa takwas 'yan aji ɗaya su ne rukunin da suke kira den, in aka haɗa den da yawa kuma sun zama fak. Gardamar da kika tarar ta daɗe. A 2010 ƙungiyarsu ta fito da tsarin taro rubutacce don sabbin jagorori, a 2015 ta sake fasalin shirin gaba ɗaya, sannan a watan Yunin 2024 ta ƙara gyara shi. Yanzu kowane aji yana da ayyuka shida na tilas da biyu na zaɓi kafin yaro ya samu bajon shekararsa, wato lambar shaida da ake ɗinka masa a riga. Shidan sun shafi tarbiyya, fita daji, motsa jiki, zama ɗan ƙasa nagari, iyali da addini, da kare kai.

Shawarata ita ce ki bi rubutaccen tsarin a shekararki ta farko. Wancan tsohon jagoran ba ƙarya ya yi miki ba, amma ya manta yadda ya fara. Uwargidan da ta shekara ashirin a madafa ba ta auna gishiri da cokali, hannunta ya riga ya sani. Amarya kuwa idan ta ce za ta kwaikwaye ta a makon farko, miyar ba za ta sha ba. Tsarin nan yana gaya miki abin da ɗan shekara bakwai zai iya da wanda ya fi ƙarfinsa, abin da za ki tanada, da inda hatsari yake. Idan kika watsar da shi, ƙarshen shekara za ta zo ki tarar yara sun sha wasa amma ba su cika sharuɗɗan bajonsu ba, ga iyaye sun zuba miki ido.

Inda yake da gaskiya shi ne a kan karanta wa yara takarda. Na taɓa tsayawa a bakin wani aji ina kallon wani matashin jagora riƙe da takarda yana karanta yadda ake ƙulla igiya. Yaran baya suna mintsinin juna, ɗaya ya kwanta a kan benci, igiyar kuwa tana naɗe a kan tebur ba wanda ya taɓa ta. Da abokin aikinsa ya shigo, sai ya yanyanka ta ya miƙa wa kowa kamu ɗaya, ya ce a fita gindin darbejiya. Cikin minti goma har wanda ya kwanta yana ihu a zo a ga ƙullinsa. Darasin dai shi ne na cikin takardar, hannun da ya ba da shi ne ya bambanta. Saboda haka ki karanta tsarin a gida da daddare, ki rubuta abubuwa uku a 'yar takarda ki sa a aljihu, ki bar littafin a jaka.

Sharuɗɗan bajo da dokokin tsaro, waɗannan kada ki taɓa su. Wurin taro, wasan da za a buɗe da shi, da kayan aiki, duk naki ne. Ranar motsa jiki ki koya musu langa. Idan sun gaji ki zaunar da su ki ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko ki debo tsakuwa ku yi 'yar carafke. Babu jagoran da ke fak ɗinku da yake da waɗannan sai ke. Ayyuka biyun nan na zaɓi kuma ki bar yaran su zaɓa. Ɓangaren addini galibi a gida ake yinsa tare da iyaye, don haka ɗanki zai cika nasa da sallarsa da karatunsa, kowane yaro kuma da abin da gidansu ke bi.

Batun saye: littafin ajin ɗanki kawai, kuma ki duba ki tabbatar bugun 2024 ne ko na bayansa, don tsofaffin da ake sayarwa da araha sharuɗɗansu sun sauya. Tsare-tsaren taron suna shafin ƙungiyar kyauta. Kuɗin rajista na ƙasa kaɗai dala 85 ne a 2024, ban da na fak, don haka kada ki ƙara wa iyaye nauyi da kwalayen kayan sana'a da ake tallatawa a intanet. Ki tambaya ko fak ɗinku na ajiye inifam ɗin da yara suka girme wa. Allah Ya dafa miki.

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Zariya. Hedimasta ya ba ni 'yan sikawut arba'in. Na sauko da tsarin Amurka daga intanet. In bi shi?

Amsa: A'a Malam, ba yadda yake ba. An rubuta shi ne don yara takwas da iyayensu ke kawowa a mota su zauna tare da su, da tutar Amurka da tarihinta. Kai arba'in gare ka, ga Islamiyya tana jiran su da la'asar. Sikawut ya shigo Nijeriya tun 1915, kuma ƙungiyarmu ta ƙasa ta shiga ta duniya a 1961, tana da nata tsarin da nata bajoji. Nemi kwamishinan sikawut na yankinka, ka yi wa yaranka rajista, kai ma ka je horo. Daga na Amurka ka ari ƙashin bayan kawai: buɗewa, wasa, koyon abu ɗaya da hannu, rufewa. Ka raba su shida-shida ko bakwai-bakwai, kowane rukuni da shugabansa a cikinsu. Shi kansa Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, da ya kai yara 20 tsibirin Brownsea a Ingila a 1907, gida huɗu ya raba su. Kuma don Allah kada abin ya ƙare a maci. Makarantu da yawa sun mayar da sikawut fareti da tsare ƙofa ranar biki, yaro ya shekara uku bai iya ɗaure rauni ba.

Tambaya: Ɗana bajo biyu kacal gare shi, 'ya'yan maƙwabta kuwa hannun rigarsu ya cika. Wani tela ya ce zai haɗa min saiti guda ya ɗinka masa. Akwai laifi?

Amsa: Akwai, Alhaji, kuma babba ne. A nan zan ɗan daɗe, domin wannan ɗabi'a ta ishe ni.

Shi bajo shaida ce. Wanda ya ga bajon taimakon gaggawa a hannun yaro ya ɗauka cewa yaron ya iya tsayar da jini, ya san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, wato cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan ka saya masa a shagon tela, ranar da ƙaninsa ya faɗi a kan fasasshiyar kwalba, zaren da aka ɗinka ba zai tsayar da jinin ba. Abin da ya fi wannan muni, ka koya masa da hannunka cewa ana sayen shaidar abin da ba a yi ba. Gobe idan ya zo maka da maganar a biya masa kuɗin satar amsa a jarrabawa, da wane baki za ka tsawata masa? Kullum muna kuka da jabun magani, jabun taki, jabun takardar makaranta, sannan mu ɗinka wa ɗan shekara tara jabu a kafaɗa mu ɗauke shi hoto.

Ga kuma asarar kuɗin. Irin waɗannan bajojin na kasuwa wanki biyu suke yi su zuba, launin ya ɓata rigar, ka koma sayen sabuwa. Jagoran da ya san aikinsa kuwa kallo ɗaya zai yi ya gane, ya sa a cire a gaban sauran yara. Ka biya kuɗi ka sayo wa ɗanka kunya ke nan.

Su ma jagorori ina da magana da su a nan, domin wannan ta haɗu da tambayar farko. Jagoran da ya ce shi nasa tsarin yake bi, ba ya duba sharuɗɗa, galibi shi ne yake ƙarewa da raba bajo kamar goron suna, saboda ba shi da ma'aunin da zai ce wannan ya cika, wancan bai cika ba. Wani kuma rashin shiri yake rufewa da saye-saye: yau a kawo kuɗin hula, gobe na sanda, jibi na sabon ƙyallen wuya, alhali albashin uba ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Taron sikawut mai kyau ana yinsa da igiyar guga, da gwangwanin tumatir, da kwali, da tsohon ɗankwali a matsayin bandeji. Riga da wando a sayi yadin kaki mai kauri a Kantin Kwari ko kasuwar garinku, tela ya ɗinka da ɗan yalwa don yaro girma yake yi. Bajo kuwa ta hannun ƙungiya kaɗai, bayan an gwada yaro. Kai kuma Alhaji, je ka tambayi jagoran ɗanka me ya rage masa a bajo na uku, ku zauna ku yi tare ranar Asabar.

Tambaya: Wace irin wuƙa ta fi dacewa da ɗan sikawut ɗan shekara shida?

Amsa: Babu. Haba Malam, shekara shida? A Amurka ma sai yaro ya kai aji uku, an koya masa dokokin riƙe ta a gaban babba, kafin a bar shi ya yi fiƙe. Saya masa usur da gorar ruwa.

Tambaya: Za a kai su ɗana zangon kwana uku a bayan gari. Yana ta murna, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. In hana shi?

Amsa: Hajiya, faɗuwar gaban uwa ba abin rainawa ba ce, kuma tambaya hakkinki ne. Kafin ki ba da ko kwabo, ki je da kanki ko ki tura mahaifinsa. A nuna muku tsarin kwana ukun a rubuce, awa bayan awa. A nan kam ba na yarda da jagoran da zai ce komai yana kansa. Ku ji manya nawa za su je, su waye, kuma ko ƙungiya da makaranta sun san da tafiyar. Wurin a cikin katanga yake, kamar harabar makaranta, ko fili ne kawai? Da yadda tsaro yake a yankunanmu yanzu, in ba katanga da masu gadi, ni ban ba da shawara ba. Ina ruwan sha zai fito, wane asibiti ne mafi kusa, akwai mota a wurin da dare?

Sai abin da mutane ke jin nauyin faɗa. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, kada ya kwana tanti ɗaya da yara. Ƙungiyar sikawut ta Amurka ta shigar da takardar karyewar arziki a 2020 saboda ƙararrakin cin zarafin yara, mutum fiye da 82,000 suka kai kuka. Dokar ƙungiyar ita ce manya biyu masu rajista a kowane taro, kuma ba a barin babba da yaro su kaɗai. Ki nemi a yi haka a naku. Ki zaunar da ɗanki ki gaya masa a fili cewa duk wanda ya taɓa shi inda bai dace ba, ko ya ce ya ɓoye miki wani abu, ya faɗa miki, ba za ki dake shi ba.

Idan amsoshin sun gamsar da ke, ki bar shi ya je. Ki haɗa masa gidan sauro, bargo in hunturu ne, tocila, da takalmi rufaffe ko na gwanjo ne. Ki kuma ce a buɗe miki akwatin magungunansu ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kowane ɗaya. In jagoran ya ɓata rai don kin tambaya, ɗanki ya zauna a gida wannan karon.