Hedifon ko sifika: da wanne zan saurari Loveless?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Gusau. Abokina ya tura mini faifan Loveless na ƙungiyar My Bloody Valentine yana ta yabonsa, amma da na kunna a waya sai ruri nake ji kamar injin niƙa. Fayil ɗin ne ya lalace? Ina da 'yan kuɗi, in sayi sifikar Bluetooth ko hedifon?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Hedifon za ka saya, mai waya, wanda ke rufe kunne. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, da gangan aka yi rurin.

Faifan ya fito a Nuwamban 1991 daga kamfanin Creation na Ingila, bayan Kevin Shields, jagoran ƙungiyar, ya shafe wajen shekara biyu yana yawo da aikin a situdiyo 19. Dabararsa ita ce ya riƙe sandar da ke lanƙwasa sautin jita a hannu yayin da yake kaɗawa, sai sautin ya riƙa zamewa, ya sauka ya dawo. Ƙaramar sifika ba ta fito da wannan zamiya sosai, dunƙule komai take yi, ga kukan janareto da babura na tsakar gida da titi.

Akwai kuma batun kunnenmu. Mu da muka tashi da waƙoƙin Ɗanƙwairo, magana muke bi, kotso yana rakiya. A nan an juya lamarin. Muryar Bilinda Butcher, mawaƙiyar ƙungiyar, an nutsar da ita cikin jita har Bature ma da ƙyar yake tsintar kalma, domin ita ma kayan kiɗa aka ɗauke ta. Ka daina farautar baiti, ka bi sautin. A ganina daga nan daɗinsa yake farawa, kuma shi ya sa har yau matasan makaɗa ke kwaikwayonsa. 'Yan jaridar Ingila ne suka laƙaba wa salon suna shoegaze, wato kallon takalmi, saboda makaɗan kan sunkuyar da kai suna taka na'urorin sauya sauti da ke gabansu.

Kada ka ƙure ƙara. Da ƙungiyar ta dawo wasa a 2008, abin toshe kunne aka riƙa raba wa 'yan kallo.

Tambaya: Ina da ƙaramin situdiyo a Birnin Kebbi. In sayi waɗannan na'urori na takawa don in sami irin sautin?

Amsa: Malam, ka dakata tukuna. Fara neman jita mai wannan sandar, ko da kwance ce. Shields da jita samfurin Fender Jazzmaster aka fi saninsa. Amsa-kuwwa da kaurin sauti kuwa manhajar kwamfutarka za ta ba ka. Ragowar kuɗin ka zuba su a batir da inbata, don irin wannan aiki yana cin awanni a zaune.