Yaya zan gane ko jami'ar da 'yata take karatu tana ci gaba da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Kaduna. 'Yata ta gama aji ɗaya a jami'a, ƙanenta kuma bana zai cike JAMB. Kwanan baya na ji jawabin shugaban jami'arsu a rediyo wajen bikin yaye ɗalibai. Ya lissafo sababbin gine-gine, da yawan waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya, da matsayin da jami'ar ta hau a jerin jami'o'i. Ita kuwa yarinyar tana ce mini har yanzu sakamakon zangonsu na farko bai gama fitowa ba. Ni ban yi jami'a ba. Me zan duba in tabbatar ana ci gaba, kafin in tura ƙanen nata can?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yaran albarka, ya sa su gama lafiya.

Abin da shugaban jami'a ya faɗa yana iya zama gaskiya tsaf, abin da 'yarka ta faɗa shi ma gaskiya. Jawabin yaye ɗalibai na jami'a ne baki ɗaya, ita kuwa yarinya a sashe ɗaya take, a tsangaya ɗaya, a harabar karatu ɗaya. Dubi Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962: mai karanta shari'a yana Kongo, mai injiniya yana Samaru, ɗalibin likita kuma ƙarshensa asibitin koyarwa na Shika. Haka Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 tana da haraba a cikin garin Kaduna da wata a Kafanchan, ga asibitin koyarwa na Barau Dikko. Ginin da aka yi a wannan haraba ba ya ƙara wa ɗalibin waccan kujera ko ɗaya. Saboda haka ka ajiye sunan jami'a gefe, ka bi sashen da 'yarka take, da wanda ɗanka yake so.

Abu na farko shi ne matsayin kwas ɗin a wajen Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Hukumar tana turo malamai daga wasu jami'o'i su tantance kowane kwas daban. Sukan duba manhaja da takardun jarrabawa, da yawan malamai da matsayinsu, da ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, da ɗakin karatu. Kwas ɗin da ya samu maki 70 cikin 100 gaba ɗaya, bai kuma gaza 70 ba a kowane ɗaya daga waɗannan manyan ɓangarori huɗu, shi ne mai cikakkiyar amincewa, ta shekara biyar. Wanda ya faɗa tsakanin 60 da 69, ko ya kai 70 amma ya yi rauni a ɓangare guda, sai a ba shi ta wucin gadi, ta shekara biyu. Ƙasa da 60 an hana shi ke nan, kuma dole ya daina ɗaukar sababbin ɗalibai har sai ya gyara. Jami'ar da ta ce ta ci gaba bana, tambayar da za a yi mata ita ce kwasa-kwasai nawa suka tashi daga wucin gadi zuwa cikakkiya, nawa kuma suka zame. Shugaban sashe ya san amsar, kuma ba sirri ba ce. Ka tambayi shekarar da aka ba da amincewar ma, don wadda aka bayar shekara huɗu da suka wuce ta kusa ƙarewa.

Wasu kwasa-kwasan amincewar NUC kaɗai ba ta ishe su ba. Likitanci sai da ta majalisar likitoci, wato MDCN, shari'a sai da ta Majalisar Ilimin Shari'a, injiniya majalisar injiniyoyi, wato COREN, haɗa magunguna majalisar masu haɗa magunguna, wato PCN, aikin jinya kuma majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma. Na likitoci da na lauyoyi suna ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. In jami'a ta ɗibi fiye da kasonta, ba a ganin illar a aji ɗaya. Sai yara sun kai ƙarshe a tarar wasu ba su da gurbin zuwa makarantar horar da lauyoyi a shekarar, su zauna jiran layi. Don haka ƙaruwar yawan ɗalibai, da ake yawan ambata a matsayin nasara, a irin waɗannan kwasa-kwasai abin tsoro ce in ba a ƙara kason ba.

Daga nan sai malamai. Ma'aunin da NUC ta daɗe tana aiki da shi shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da harsuna da zamantakewa da mulki da shari'a, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniya da noma, ɗaya ga 10 a likitanci. Ke nan sashen kimiyya mai ɗalibai 600 yana buƙatar malamai 30. Ana kuma so kashi 20 cikin 100 su kasance farfesoshi da masu bi musu, 35 manyan lakcarori, 45 na ƙasa da haka. Amma kada ka tsaya ga jerin sunayen da ke manne a allon sashe. Sananne ne a harkar cewa wasu wuraren sukan aro malamai da kayan aiki in masu tantancewa za su zo, su mayar bayan sun tafi. Kuma a jerin akwai wanda ya tafi ƙaro karatu, da wanda ke hutun shekara a wata jami'a, da mai ziyara da ke zuwa sau ɗaya a wata. 'Yarka ce za ta ba ka ainihin lissafi. Ta ɗauko takardar rijistar kwasa-kwasanta, ku bi su ɗaya bayan ɗaya: wannan sau nawa aka shigo a zango? An yi tes? An dawo da takardun tes ɗin? A ɗakin gwaji mutum nawa ke kan na'ura ɗaya, kuma ita da hannunta ta taɓa ko daga baya ta tsaya tana leƙe? Gani ya kori ji.

Yanzu ga batun da ya fi damuna a wasiƙarka, wato sakamakon da bai fito ba. Shekarar karatu zango biyu ce, kowanne da mako 15 na koyarwa aƙalla kafin jarrabawa. Bayan an yi jarrabawa malami zai duba takardu, ya haɗa makin tes, wanda yawanci 30 ne ko 40, da na jarrabawa. Ya miƙa wa jami'in jarrabawa na sashe, taron malaman sashe ya duba, ya wuce taron tsangaya, sannan Majalisar Malamai ta jami'a, wadda ake kira Sanet, ta amince. Malami ɗaya da bai miƙa nasa ba yana iya riƙe na aji guda, musamman kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya da ɗalibai dubbai ke zama. Jami'a mai tsari tana fitar da sakamakon zangon farko kafin a yi nisa a na biyu, na shekara kuma kafin rijistar sabuwar shekara. Dalilin kuwa, ɗalibin da ya faɗi kwas dole ya sake rijistarsa, kuma shi ake fara sawa kafin sababbi. Yawan yunit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas, da aka yarda a ɗauka a zango yawanci bai wuce 24 ba. In yaro bai san ya faɗi ba har aka rufe rijista, kwas ɗin ya tsallake shekara guda ke nan. In kuma sharaɗi ne na shiga wani kwas a gaba, ya tare masa hanya biyu. Da yawa daga masu ƙarin shekara ta nan suka shiga, ba don daƙiƙanci ba.

Akwai kuma sakamakon da ya ɓace na mutum ɗaya. Musabbabinsa galibi uku ne: ɗalibi ya rubuta lambarsa ba daidai ba a takardar amsa, ko bai sa hannu a takardar halarta ba, ko ya zauna jarrabawar kwas ɗin da bai shiga rijistarsa ta intanet ba. Ta adana takardar rijista mai sa hannun malamin da ke kula da ajinsu, da katin jarrabawa, da rasidin kuɗin makaranta na kowace shekara, har ta gama. In abu ya ɓace ta rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashe nan take, ta riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Koken baki ba ya barin shaida.

Idan sakamakon ya fito, ga yadda za ka karanta shi. A yawancin jami'o'inmu 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 F, sifili. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimlar yunit. A ce ta samu A a kwas mai yunit 3, 15 ke nan. C a wani mai yunit 3, 9. B a mai yunit 2, 8. F a wani mai yunit 2, sifili. Jimla 32 a raba da 10, ya ba da 3.20. Da a ce F ɗin nan C ce, da 38 za a raba da 10, a samu 3.80. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Ka ga faɗuwa ɗaya ta sauko da ita daga ta biyu babba zuwa ƙarama. Kuma ko ta sake kwas ɗin ta ci, galibi sifilin farko yana nan cikin lissafin CGPA, wato matsakaicin makin duk zangunan da ta yi. Aji ɗaya ne wurin da maki ya fi saurin motsi, domin yunit ɗin da aka tara kaɗan ne. A aji uku da huɗu ɗaga shi sai da jan aiki.

Yawan masu daraja ta ɗaya da ka ji a rediyo ba ya nuna komai sai an san cikin mutum nawa ne. Mutum 150 cikin 5,000 kashi 3 ne, 100 cikin 2,000 kuwa kashi 5. Sau da yawa ma bikin na shekaru biyu ne ko uku a haɗe, sai adadin ya yi kauri. Adadin da nake so kowace jami'a ta riƙa faɗa shi ne wannan: cikin waɗanda suka shiga aji ɗaya tare, nawa suka gama a kan lokaci, nawa suka ƙara shekara, nawa aka sallama, nawa suka bari don rashin kuɗi. Ƙa'ida ta ba mai kwas ɗin shekara huɗu damar kaiwa shida, daga nan sai sallama. Jinkiri kuma yana da tsada. Yajin aikin ASUU na 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma jami'o'in gwamnati da dama sun daɗe suna matse zanguna don su cike giɓin. Wadda ta koma mako 15 cikakku ta yi ci gaban da ya fi gini. Wadda ke kammala zango a mako tara ko goma, a takarda ne kawai ta cim ma kalanda. Ka tuna kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Jerin matsayin jami'o'i kada ya ɗauke maka hankali. Wani yana auna yadda jami'a ta bayyana ne a intanet, wani yawan binciken da malamanta suka wallafa. Suna da amfaninsu, amma ba sa auna ko an shigo wa aji ɗaya lakca. Gine-gine kuma, mafi yawansu a jami'o'in gwamnati za ka ga tambarin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, a jiki. Abin tambaya shi ne ko an buɗe ginin, akwai kujeru da wuta da lasifika, kuma wane sashe ke amfani da shi.

Zaman makaranta ba a gane shi daga ofis. Ka je da kanka ranar aiki, ba ranar biki ba, ka sa ta zagaya da kai. Mutum nawa aka rubuta wa ɗakinsu, nawa ke kwana a ciki? Cunkoso a watannin zafi, Maris da Afrilu, shi ke yaɗa sanƙarau, ruwa marar tsabta da damina kuma amai da gudawa. Famfo yana kawo ruwa ko sai an saya a wajen 'yan garuwa? Akwai wuta a ajujuwan karatun dare lokacin jarrabawa, kuma hanyar komawa ɗaki tana da fitila da masu gadi? Asibitin makaranta yana buɗe da dare? Tana da katinsa, tunda kuɗin inshorar lafiya yawanci yana cikin abin da ka biya? In a waje take haya, ka lissafa kuɗin Keke Napep na wata, ka san ƙarfe nawa take isa gida bayan lakcar yamma. Ka tambaye ta a natse, ko ka sa mahaifiyarta ta tambaye ta, ko ta san ofishin da ake kai ƙarar malamin da ya nemi ɗaliba da lalata ko ya tilasta sayen takardunsa, kuma ko ta taɓa jin an hukunta wani. A gari irin Kaduna akwai ƙarin ma'auni guda. Jami'a ce wurin da yaron Zariya da na Zonkwa da na Birnin Gwari ke kwana ɗaki ɗaya. In ana zaɓen ƙungiyar ɗalibai lafiya kowace shekara, Musulmi da Kirista suna karatun rukuni tare, ba a rufe makaranta don rikici ba, hukumar tana aikin da ya cancanci yabo ko da bai fito a jawabi ba.

Game da ƙanen nata, kafin ya cike fom ku duba kundin JAMB ku tabbatar kwas ɗin yana cikin waɗanda aka amince wa jami'ar, da darussan da ake buƙata. Duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinta ba kada ku karɓa, ko wa ya kawo shi, domin wanda sunansa ba ya cikin rijistar JAMB ba za a tura shi bautar ƙasa ba. Ita ma yayar ta shiga shafin JAMB yanzu ta ga sunanta da kwas ɗinta sun yi daidai da na makaranta, musamman in an canza mata kwas bayan ta shiga. In kuɗin biyun zai yi maka nauyi, akwai bashin karatu na asusun gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, akwai naira 20,000 a wata na ɗawainiya ga wanda ya nema, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Za su buƙaci lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibta, kuma sai jami'ar ta riga ta tura sunan ɗalibi kafin buƙatarsa ta shiga.