TIG mai gudu: kafin ka tahi banki, ƙanena, ka ji wanga

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena na Tawa da ya ce ya ga bidiyon wani injin TIG, wato walda da allurar tangistin da gas ɗin argon, yana haɗa bututu zagaye ɗaya cikin minti biyu babu tsayawa, yana tambaya wai gaskiya ne ko haɗin kwamfuta, kuma in ya ci bashin banki ya sayo shi zai samu kwangilar bututun masana'antu, to ga tawa amsar. Na daɗe cikin sana'ar nan, na fara da baget, wato sandar walda, a Katako ina yaron shago, daga baya na koma aikin inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, a unguwar masana'antu nan Yamai, don haka abin da zan faɗa maka na hannu ne, in ya yi tsawo ka yi haƙuri.

Bidiyon ba ƙarya ba ne. Amma abin da ake kira TIG mai gudu ba inji ɗaya ba ne, kusan kashi uku ne kuma kowanne da inda yake cin abincinsa, ƴan kasuwa ne ke haɗa su wuri guda don a ruɗa mai saye.

TIG ɗin da munka sani dai tsohon abu ne, tun 1941 wani Russell Meredith ya fito da shi a kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka, lokacin ma da gas ɗin heliyom ake yi. Allurar tangistin ba ta narkewa sai an wuce digiri 3400, shi ya sa ita ke riƙe wutar kai kuma kana cusa waya da ɗaya hannun, argon na rufe narkakken ƙarfen kada iska ta taɓa shi. Tsabta kam babu kamarsa, amma nawa gare shi kamar tafiyar hawainiya. Ɗauki bututu inci 6 na yau da kullum, faɗinsa milimita 168, kaurin bango milimita 7 da ɗan kai, kewayensa wajen santimita 53. Sai ka yi masa shanfaren, wato ka gurje bakinsa a karkace, ka bar rata kamar milimita 3, ka ɗinke, ka yi zagayen tushe a hankali da ampa ɗari ko ƙasa da haka, ka jira ya huce, ka cika, ka rufe. Ni a hannuna haɗi ɗaya irin wanga in na so ya tsallake radiyo, wato hoton da ake ɗauka a duba cikin haɗin, kusan awa guda yake ci. Shi ya sa a ƙarfe baƙi kowa ke yin tushe da TIG ya cika da baget 7018.

Kashi na farko shi ne na waya mai zafi. Nan inji ne ke tura wayar ba hannunka ba, kuma wani ƙaramin inji na ɗumama ta kafin ta shiga narkon, saboda haka wutar torshi ba ta ɓata ƙarfinta wajen narkar da waya mai sanyi. TIP TIG na wani ɗan Ostiriya Siegfried Plasch ya ƙara wata dabara, wayar tana karkarwa gaba da baya tana motsa narkon, EWM na Jamus ma suna da irinsa da suke kira tigSpeed. Wanga shi ne kaɗai cikin ukun da mai walda ke riƙe torshi da hannunsa, ya yi sama ya yi ƙasa ya shiga ƙarƙashin bututu. Na taɓa aiki da irinsa wata uku a wani shantiye, a cikawa da rufewa ya ninka gudun hannuna ko fiye, kuma inoks ɗin bai yin baƙi saboda ba ka daɗe kana gasa wuri ɗaya ba. Amma satin farko wallahi kunya na sha, torshin ya yi nauyi, wayar na fita ko ka shirya ko ba ka shirya ba, in ka karkata kaɗan ta taɓa allura shi ke nan sai ka tsaya ka sake wasa ta.

Na biyu shi ne orbital, kan inji ne ake ɗaura wa bututu ya kewaya da kansa. Shi ma ba sabo ba ne, tun shekarun 1960 masu ƙera jiragen sama sunka fara shi, Polysoude na birnin Nant a Faransa sun yi suna a kansa. Akasari na siraran bututun inoks ne na madara da abin sha da magani, bango bai wuce milimita 3 ba, sau da yawa ko waya ba a sawa. Gaskiya shi ba gudu ne babban amfaninsa ba, amfaninsa haɗi na ɗari ya fito daidai da na farko.

Na uku nake zaton shi ka gani, mai huda rami. Hukumar bincike ta CSIRO a Ostareliya ta ƙirƙiro shi, ana sayar da shi da sunan K-TIG, Fronius ma suna da ArcTig da ke neman irin wanga aiki. Ana ɗaga wuta sama da ampa 300, ƙarfin wutar ya huda ƙarfen har baya, rami ƙarami ya buɗe, torshi na tafiya narkon na rufewa a bayansa. Babu shanfaren, baki da baki ake haɗawa, waya kaɗan ko babu, zagaye ɗaya an gama. Masu shi na cewa yana cin inoks har milimita 13, titaniyom har 16. To bututun nan namu mai kewayen santimita 53, in torshi na cin santimita 30 a minti ka ga minti biyun da ka gani ke nan.

Yanzu ga inda bidiyon bai nuna maka ba. A mai huda ramin nan torshi ba ya motsi, bututun ne ke juyawa bisa injin juyi, domin narkon na da yawa kuma abin da ke riƙe shi kada ya zube ƙarfin fatar ruwan ƙarfen ne kawai, in ka ce za ka yi shi a kife ko a bututun da anka riga anka kafa jikin bango zubowa zai yi. Ke nan aikin cikin atiliye ne. Mu kuwa rabin aikin da ake kiranmu gyara ne, bututu na sama kusa da rufi, gwiwa nan, bawul can, ka hau tsani ka lanƙwashe kamar mai gyaran rijiya.

Sai yanka. Nan ne na ga abin da ya sa nake rubuta duk wanga. Wata shekara patoron da nake wa aiki ya samu kwangilar layin inoks a wata masana'antar abinci, ya yi hayar orbital daga waje da tsada, ya ce sati biyu mun gama. Mu kuma da faifan gurza muke yanka bututu kamar yadda munka saba, ido ne ma'auninmu. Hannun mutum in ya ga rata ta buɗe sai ya rage gudu ya ƙara waya, inji bai san wanga ba, abin da anka rubuta masa shi yake yi. Inda bakin ya karkace da rabin milimita sai ya huda, inda ya matse sai ya ƙi ratsawa. Da mai sa ido ya zura kyamara ciki kusan kashi ɗaya cikin uku ya sa munka yanke. Sai da anka nemo injin gyara baki, kwana goma muna zaune ana biyan haya. Mai huda rami ma haka yake ko ya fi, ratar da yake yafewa ba ta wuce kamar rabin milimita ba. Kuma akwai wani abin da ya ba mu wahala da ba mu gane ba sai daga baya, bututu biyu duka an rubuta 316L, lambar irin inoks ɗin, amma ba tukunya ɗaya anka narka su ba, sulfur ɗin cikinsu ya bambanta, sai narkon ya riƙa gudu gefe ɗaya yana barin layin haɗin. In kana saye tsinta-tsinta a kasuwa, wanga daga nan wancan daga can, ka sa ran wanga matsala.

Kuran kuma ba sai na gaya wa ɗan Nijar ba. Injin K-TIG na iya kai ampa 1000, tirifaze 380 yake so mai tsayawa cak, ga injin sanyaya torshi da ruwa, ga injin juyi, ga kwamfutar. In wuta ta ɗauke a tsakiyar zagaye ramin ya daskare a buɗe, sai ka gurje ka gyara da hannu, wato ka koma inda ka guda. Dole gurup naka na kanka mai ƙarfi kuma mai daidaita wuta, ƙaramin gurup mai hawa da sauka katin lantarki na cikin inji yake ƙonawa. Wani abu da mutane ba su duba ba, lambar da ake rubutawa jikin inji, misali kashi 60 cikin ɗari, ma'anarta minti 6 aiki cikin minti 10, kuma a zafin digiri 40 anka auna ta. To a watan Afrilu da Mayu, Yamai ko Tawa, ƙarƙashin rufin kwano, ka san mun wuce nan tun hantsi. Inji zai riƙa yanke kansa yana hutu kai kana kallo. Ƙura kuma ta hunturu tana shiga fanka ta kwanta bisa kati, mu duk sati muke busa namu da iska.

Argon fa? Babbar tukunya mai lita 50 a bar 200 tana ɗauke da kamar mita kubik 10, in kana sakin lita 10 a minti awa 16 ke nan da ɗan kai, torshi kaɗai. Inoks kuwa sai ka cika cikin bututun da gas shi ma in ba haka ba bayan ya yi ƙuraje kamar ƙonannen sukari, kuma wanga cikawar ba ta san kana da inji mai gudu ba, lokacinta take ci. A nan ne ma sabbin injinan sunka yi abin kirki tsakani da Allah, tunda wutar minti biyu take ci maimakon arba'in gas ɗin torshi ya ragu ƙwarai. Amma kai da ke Tawa ka fara tambayar kanka daga ina tukunya za ta riƙa zuwa, Yamai ko Konni, kuma kwana nawa. In argon ɗin ba mai tsabta ba ne allura za ta gaya maka, baƙi take yi nan take. Iska ma ko kaɗan ta kaɗa ta kwashe gas ɗin, sai an kewaye da tampol.

Maganar kwangila da ka yi, na san abin da ke ranka, bututun mai. Layin Agadem zuwa matatar SORAZ ta Damagaram da anka buɗe a 2011 ya fi kilomita 460, na Agadem zuwa Seme a Benin kusan kilomita 2000. Amma irin waɗannan dogayen layuka na ƙarfe baƙi a fili, akasari da baget selulozik ko MAG na inji, wato walda mai waya da gas, ake yin su, TIG wurinsa tashoshin famfo da cikin matata da ƙananan layuka. Kuma a can ba a tambayar wane inji gare ka, takarda ake tambaya. Mai walda na da tasa, ISO 9606 ko ASME sashe na 9, gwajin bututu a karkace digiri 45 da ake kira 6G. Hanyar aikin ita ma sai an gwada ta an sa hannu, abin da masu Faransanci ke cewa DMOS da QMOS. Ranar da ka canza daga hannu zuwa inji takardarka ta hannu ba ta rufe ka, akwai ta mai tuƙa inji daban, ISO 14732, hanyar aikin ma sabuwa za a gwada, a yanka a lanƙwasa a ɗauki radiyo, duk da kuɗɗinka. Mai sayar da inji ba zai sa maka wanga cikin lissafi ba. Haka kayan gyara, tun da hanyar Kotonu ta rikice a 2023 ƙaramin abu sai ka yi wata da watanni kana jira, inji na miliyoyin sefa na zaune an lulluɓe shi da zane banki na ƙirga kwana.

Ni da kuɗɗin a hannuna suke, ga yadda zan yi. In sayi inbata TIG mai kyau mai bugun wuta da torshin ruwa, in sayi injin yanka da gyara bakin bututu, in sayi ko in ƙera injin juyi, mu namu da motar gilashin mota da sarƙar babur munka fara shi kuma ya yi shekaru yana aiki. Juyin nan kaɗai, da torshin hannu, zai ba ka mamaki, tunda kullum a sama kake walda ba ka tsayawa canza zama. In aiki ya ƙaru har cikawa ta zama ita ke riƙe ka, sai ka ƙara na'urar tura waya mai zafi, ita tana hawa bisa injin da kake da shi in na ruwa ne. Mai huda rami sai ranar da wani ya sa maka hannu a takarda cewa ga tankuna ko bututun inoks masu kauri ɗaruruwa iri ɗaya, ba alkawarin baki ba.

Wani abu kuma tunda yara na karantawa, wutar ampa 300 zuwa sama ba irin wadda kunka saba ba ce, gilashi lamba 13 ko 14, a rufe wuya da hannu, kuma allura mai jan kai ɗin nan tana da toriyom, ƙurarta ba ta shaƙa ba ce, ku nemi mai ruwan toka ko mai ruwan zinariya.

Ƙanena ka yi min abu ɗaya, aikin bututu na gaba da ka samu ka sa yaronka ya riƙe agogo, ya rubuta minti nawa wuta ke kunne, minti nawa kuna yanka da gurza da ɗinki da jiran gas da jiran kuran. Ka turo min lambobin tare da faɗin bututun da kaurinsa da ko inoks ne ko baƙi, sai mu zauna mu yi lissafin tare. Ka gaida mutanen Ader.