Yadda za a gane malamin ƙarya tun bai raba ikkilisiya ba

TAMBAYA: Fasto, barka da aiki. Wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu ya fara tara mutane addu'ar dare a gidansa. Yana cewa Allah na nuna masa wahayi, kuma wasu abubuwan da ya faɗa sun faru. Yanzu ya ce mai son buɗi ya kawo kuɗi ya shuka iri a hannunsa. Wanda ya yi tambaya sai ya ce masa kada a taɓa shafaffe na Allah. Ƙanwata ta daina zuwa sujada, sai wurinsa. Me za mu yi? (Daga wata 'yar'uwa)

AMSA: 'Yar'uwata, sannu da wannan nauyi. Abin da ya fi ɗaure miki kai, na san, shi ne maganarsa tana cika. To, ki buɗe Kubawar Shari'a 13:1-3. Musa ya gargaɗi Isra'ilawa cewa annabi zai iya faɗin alama ta kuma tabbata, amma muddin yana janye su daga Ubangiji, kada su saurare shi. A Matiyu 7:22-23 Yesu ya ce a ranar shari'a mutane da yawa za su kafa hujja da annabci da mu'ujizan da suka yi da sunansa, ya kuma ce bai taɓa saninsu ba. Saboda haka cikar magana ba ta isa shaida ba. Abin dubawa shi ne inda yake kai mutane: wurin Almasihu, ko wurin kansa?

Ayar shafaffen da yake fakewa da ita tana Zabura 105:15. Ki karanta daga farkon surar. Ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, suna baƙi kaɗan a ƙasashen mutane, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Babu inda ta hana ɗan ikkilisiya tambayar mai wa'azi. Mutanen Biriya, Manzo Bulus kansa suka riƙa aunawa da Nassi kowace rana, kuma yabonsu aka yi a Ayyukan Manzanni 17:11. Bulus ɗin nan ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. In ana iya gyara Bitrus, wane ne ya fi ƙarfin gyara?

Batun kuɗi kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Baiko na son rai ne, ana kuma lissafa shi a fili gaban ikkilisiya.

Duk da haka kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Akwai mai kuskure, akwai mai ruɗi. Afolos gwanin wa'azi ne a Afisa amma saninsa bai cika ba. Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka fayyace masa, ya karɓa, ya zama abin amfani ƙwarai. Ki kai maganar wurin fasto da dattawa, da shaidu biyu ko uku waɗanda suka ji da kunnensu, ba jita-jita ba. Su zauna da shi da Littafi Mai Tsarki a buɗe. A nan halinsa zai fito. Mai kuskure yakan sunkuyar da kai ya ce a nuna masa. Mai ruɗi yakan fusata, ya ce ana yaƙi da Ruhu, ya fara kiran mutanensa ɗaya-ɗaya yana zuga su. In ya ƙi gargaɗi sau biyu, Titus 3:10 ta ce a rabu da shi, kuma ya kamata a faɗa wa jama'a dalili a sarari.

Dattawan ma su binciki kansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau da yawa waɗanda ke cika irin wannan ɗaki su ne marar lafiyar da ba wanda ya je gaishe shi, da matar da ta shekara goma ba haihuwa, da saurayin da ya gaji da neman aiki. Mutumin ya kira sunansu, ya ɗora musu hannu, mu kuwa ba mu lura da su ba. Da Bulus ke sallama da dattawan Afisa a Militus, ya ce musu daga cikinsu ma waɗansu za su taso su ja almajirai bayansu, ya kuma tuna musu shekara 3 da ya yi yana gargaɗin kowa da hawaye.

Ƙanwarki kuwa, kada ki zagi mutumin a gabanta, zai ƙara mata riƙe shi ne. Ki riƙa ziyartarta, ki ji abin da take nema, ku karanta wasiƙar Galatiyawa tare. Amma in kin ji ya ce ta bar shan magani, ko ta yanke zumunci da ku, ko ta shiga azumin da ba shi da ranar ƙarewa, kada ki jira taron dattawa. A 2023 an tono gawa fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan da aka sa su ƙin cin abinci don su sadu da Yesu. Ki ɗauko ƙanwarki a ranar da kika ji haka, ki kuma sanar da hukuma.